The Elder Scrolls VI: A ba mu duniyar da za ta iya ce mana a'a

A watan Yunin 2018, a taron baje kolin wasannin bidiyo na E3 da aka yi a Los Angeles, kamfanin Bethesda mai ƙera wasanni ya haska wani ɗan bidiyo da ko minti ɗaya bai cika ba. Tsaunuka, bakin teku, sai suna ya fito a allo: The Elder Scrolls VI. Iyakar abin ke nan. Tun daga ranar masoya wasan ke zaman jiran gawon shanu. A tsakani Microsoft ya saye ZeniMax, uwar kamfanin, a kan dala biliyan 7.5, cinikin ya kammala a 2021, Bethesda kuma ya fitar da Starfield, wasansa na sararin samaniya, a 2023. Yaron da aka haifa ranar da Skyrim, wasa na biyar a jerin, ya fito, 11 ga Nuwamban 2011, yanzu ya isa ya karɓe maka na'urar wasa ya gyara maka kuskure.

Jira idan ya yi tsawo, buri yakan yi ƙiba. Wannan yana son taswira ninki goma na ta Skyrim. Wancan yana son jirgin ruwa da zai tuƙa da kansa, tunda masu hasashe sun kafe cewa Hammerfell, wata ƙasa a duniyar wasan, ce aka nuna a bidiyon. Wani gari yake son ginawa, wani kuma so yake takobi ya yi nauyi a hannu, ba kamar ana kaɗa sanda a iska ba. Duk ba laifi, musamman na ƙarshen. Ni dai buƙatata ɗaya ce, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba: ina son wasan ya iya rufe mini ƙofa, ya kuma tuna abin da na aikata.

Maganar faɗin ƙasa ba ta da wuyar kashewa, domin kamfanin da kansa ya gwada ta sau biyu. Daggerfall na 1996, wasa na biyu a jerin, yana da dubban garuruwa da koguna a fili mai girman da ake kwatantawa da Birtaniya, amma kwamfuta ce ta zana akasarinsu, idan ka ga gari biyar ka ga saura. Starfield ya zo da duniyoyi sama da 1,000, kuma babban ƙorafin da aka yi a kansa shi ne mutum ya sauka a wata duniya ya tarar da ginin da ya baro a waccan, da gawa kwance a lungun da ya san ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Inda nake son mu tsaya shi ne halin Skyrim na rashin iya cewa a'a. Ka ɗauki makarantar masu sihiri ta Winterhold. A bakin gada za a ce ka gwada sihiri ɗaya kafin ka wuce. Idan ba ka iya ba, mai gadin ƙofar ce ma za ta sayar maka da shi. Daga nan kana iya sare duk abin da ya tare maka hanya da gatari, ka gama labarin, a naɗa ka shugaban makarantar kacokan, alhali ɗalibin aji ɗaya ya fi ka sanin sihiri. Ka fito daga nan ka zama shugaban ɓarayin garin Riften, ka zama jagoran mayaƙan garin Whiterun, ka riƙe ƙungiyar makasa, duk kai kaɗai, kuma babu wanda zai ɗaga gira. Ka kashe Alduin, dodon da aka ce zai haɗiye duniya, ka dawo kasuwar Whiterun, wani mai gona da ake kira Nazeem ya ci gaba da yi maka kallon matsiyaci kamar ranar da ka shigo garin da tsumma. Da farko abin dariya ne. Bayan awa ɗari sai ka gane cewa duk rawunan da aka naɗa maka ba su da nauyi, domin ba ka rasa komai ba kafin ka same su.

Abin haushin shi ne kamfanin ya taɓa sanin yadda ake yi. A Morrowind na 2002, wasa na uku a jerin, ba a ƙara maka girma a ƙungiya sai ƙwarewarka ta kai mizanin da suka gindaya. Manyan gidajen sarauta uku ne ake iya shiga, Hlaalu da Redoran da Telvanni, kuma idan ka zaɓi ɗaya sauran sun rufe maka ƙofa. Har mutumin da labarin ya rataya a wuyansa kana iya kashewa. Wasan zai sanar da kai cewa ka tsinke zaren, ko ka koma baya ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka ɓata. A Skyrim kuwa irin wannan mutum sai dai ya durƙusa ya huta, ya miƙe kamar ba a yi ba.

Za a ce ai wancan zamani ne, 'yan wasan yau ba su da wannan haƙurin. Kasuwa ta ƙaryata hakan. Elden Ring na 2022 yana tarbar baƙo da wani mahayin doki mai sulken zinare, 'yan taku kaɗan daga inda ka fito fili. Yawancin mutane sun tunkare shi, ya shimfiɗe su sau goma, kafin su gane cewa abin da ake so su koya shi ne su kewaye shi su dawo wata rana. Wasan ya sayar da kwafi miliyan 20 cikin shekara guda. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya lashe kyautar gwarzon wasan 2023, yana barin ka goyi bayan maharan da ke son ƙone sansanin 'yan gudun hijira, amma idan ka yi, wasu abokan tafiyarka za su juya maka baya har ƙarshen labari. Mutane ba su guje shi ba. Sake bugawa suka yi ta yi don su ga abin da ke bayan ƙofar da suka rufe wa kansu.

Wannan ya shafi ƙarfin abokan gaba ma. A Oblivion na 2006, wasa na huɗu a jerin, kusan komai yana girma tare da kai, har ta kai ɗan fashin bakin hanya, wanda ke tare mutane don 'yan tsabar kuɗi, yana sanye da sulken da zai sayi gari. Ina son a sami kogon da zan leƙa a mataki na biyar in fito da gudu, in riƙe shi a rai, in dawo a mataki na talatin in rama. Kibiyar nan ta kan allo da ke nuna maka inda za ka kuwa, a bar ta ga mai so, amma a rubuta kwatance a bakin mutanen gari yadda wanda ya kashe ta zai iya kai kansa.

Sai dai in yi adalci ga ɗaya ɓangaren, don hujjarsu ba ta wasa ba ce. Todd Howard, wanda ke jagorantar waɗannan wasanni, ya ce a 2023 Skyrim ya haura kwafi miliyan 60. Wani ɓangare na sirrin shi ne wannan sauƙin da nake kuka da shi. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, yana da awa ɗaya, ba ya son a hukunta shi. So yake ya hau dutse ya tsinci fure ya shiga kogo. Sannan kowace ƙofa da aka rufe kuɗi ce: a ɗauki marubuta da masu murya su yi aikin da rabin 'yan wasa ba za su taɓa gani ba. Kuma Larian ya samu sauƙi, domin labarinsa a kan turba yake tafiya, babi bayan babi, ba kamar duniyar da mutum zai iya dosar kowace kusurwa tun minti na farko ba.

Na yarda da duk wannan, shi ya sa ban ce a mayar da wasan Elden Ring ba. Yawo ya zauna da sauƙinsa. Abin da nake nema bai kai tsadar da ake zato ba: sharaɗin ƙwarewa kafin a ba ka shugabanci, ƙungiyoyi biyu ko uku da ba sa ga-maciji da juna, da mutanen gari da maganarsu ke sauyawa idan ka ceci garin ko ka ƙone shi. Wanda ya ga an hana shi shugabancin masu sihiri ya sake sabon jarumi, dama abin da masoya Skyrim suka shekara goma suna yi ke nan ba tare da an ba su dalili ba.

Akwai kuma abin da nake roƙon kada a taɓa. A wasannin Bethesda kowane cokali da kowace tukunya abu ne da za ka iya ɗauka, ka ajiye a gidanka, ka dawo bayan wata ka same shi a wurin. Daga nan ne aka gano cewa idan ka kifa wa mai shago bokiti a ka, kana iya kwashe masa kaya bai gani ba. Wauta ce, amma irin wautar da sauran manyan wasanni, duk kyan hotonsu, ba su da ita. Haka nan damar da ake ba 'yan wasa su yi wa wasan kwaskwarima da kansu, wadda ita ta riƙe Skyrim da rai har yau. Fargabata a nan ita ce a mayar da wannan fage kanti. Bethesda, kamfanin da ya sayar da sulken doki na cikin wasan Oblivion a kan dala biyu da rabi a 2006, duniya ta yi masa dariya, ya rayu ya ga kowa ya bi sahunsa.

Ranar da za a nuna wasan a aikace, za a cika mana ido da hasken rana a kan ruwa da yawan garuruwa. Ni abin da zan zuba wa ido shi ne ko akwai wurin da jarumin zai ƙwanƙwasa ƙofa, na ciki ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya je ya koyo sihiri tukuna.