Ranar da Na Je Neman Mai Lamba 99

Shekara shida na yi a unguwar Bronx ta birnin New York ina wucewa ta gaban filin wasa na ƙungiyar besbol ta Yankees a jirgin ƙasa mai lamba 4, amma ban taɓa sa ƙafata a ciki ba, domin ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, kuma a ganina wasan da ake yi da kulki da safar hannu guda ɗaya bai kai a ɓata masa yini ba. Abin da ya kai ni shi ne wata ƙungiyar unguwarmu mai raba abinci ga mabuƙata, wadda ta karɓo tikiti masu yawa tana sayarwa don wani kaso na kuɗin ya shiga asusunta. Uwargida ta sayi huɗu ba tare da shawarata ba, ta ce sadaka ce, kuma babu magidancin da zai fito fili ya yi gardama da sadaka.

Ɗana Abba kuwa ya daɗe da zama ɗan gari a harkar besbol. Tun saura mako guda ya sa na sayo masa sabuwar ƙwallo fara sol mai jan ɗinki, ya kuma yi mini bita kamar mai shirin jarrabawa: wanda muke nema ya sa mana hannu shi ne Aaron Judge, wanda a 2022 ya dirka ƙwallo ta tsallake katanga har sau 62 a kaka ɗaya, tsawonsa ya kai mita biyu, lambar rigarsa 99. Ya ƙara da cewa Yankees ba sa rubuta suna a bayan riga, don haka lamba ce kaɗai madogara. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wanda ya iya gano buhunsa a tashar mota ranar jajiberin Salla ba zai kasa gano ƙato mai lamba 99 ba.

Ranar 15 ga Afrilu na sa farar kaftani, na rataya katin ƙungiyar abincin a wuya kamar yadda aka umarci duk wanda ya sayi tikitinta, muka isa da wuri. Da 'yan wasa suka fito motsa jiki sai na karɓi ƙwallon da alƙalami, na bar iyali a kujera, na gangara bakin katanga inda yara da manya suka yi cincirindo. Na duba bayan na farko, na ga 42. Na duba na biyu, shi ma 42. Na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar, sai na ga hatta dattijon mai horarwa da ke tafiya da ƙyar 42 ce a bayansa, har na fara zargin ko dai hawan jinin da likita ke yi mini gargaɗi a kansa ne ya iso.

Daga baya ne na san dalili. A rana irin wannan a 1947 Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers, ya zama baƙar fata na farko da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar ta zamani. A 1997 aka jingine lambarsa ta 42 a duk ƙungiyoyi, wato aka daina ba wani sabon ɗan wasa ita, amma tun 2009 kowane ɗan wasa da mai horarwa ita yake sawa a wannan rana guda. Abba ya san da haka sarai, ɗoki ne ya mantar da shi.

Tun da lamba ta ci amanata, sai na koma ga tsawo. Na kutsa, ina ba da haƙuri ina taka ƙafafun mutane, har na hango wani zabgegen mutum jingine da katanga, da riga mai ratsi da 42 a baya, kansa ya kere na kowa. Saboda matsi ban lura da wane ɓangaren katangar yake tsaye ba. Na miƙa masa ƙwallo da alƙalami, na ce don Allah ya taimaka, saboda yara ne. Ya dubi katin da ke wuyana, ya dubi ƙwallon, ya yi murmushi, ya rattaba hannu da kyau, sannan ya zaro dala ashirin ya danƙa mini. Na yi ta godiya har da dafa ƙirji, ina mamakin tarbiyyar 'yan wasan ƙasar nan, waɗanda ke sa hannu kuma su haɗa da goro.

Na koma kujera ina tafiyar wanda ya ci kasuwa, ban ma san alƙalamin da na jefa aljihu ba murfi ya fara zana taswira a ƙirjin kaftanina ba. Abba ya karɓi ƙwallon hannu na rawa, ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, “Baba, ai wannan da harafin D ya fara.” Ina cikin yi masa bayanin cewa manyan mutane ba sa sa hannu yadda za a iya karantawa, sai ƙanwarsa Ummi ta nuna da yatsa. Layi uku a gabanmu, ga gwarzon nawa ya zauna da ledar gyaɗa a cinya, yana ɓarewa yana zubar da ɓawo, kuma da muka haɗa ido ya ɗago mini hannu cikin fara'a. A zango na bakwai, lokacin da kowa ke tashi ya miƙe ƙafa, ya zo muka gaisa, ya ce shi likitan haƙori ne daga New Jersey, ya ɗauka masu ba da gudummawa ne ke sa hannu a ƙwallon.

Uwargida ta yi dariya har da hawaye, ta zare dala ashirin ɗin daga hannuna ta ce, “Baban Abba, kawo nan, wannan ta marayu ce.” Ƙwallon tana nan a kan talabijin, kuma duk baƙon da ya tambaya, Abba ne ke riga ni ba da labarin.