An ɗaura auren bankuna, mu aka mayar agololi

Ranar Alhamis ɗin nan, bayan la'asar, mun rufe ƙofa kwastomomi sun watse, na tattara ɗan guntun mutuncin da ya rage mini na hau bene wajen sabon manaja. Tambaya ɗaya ta kai ni. Wata tara ke nan da aka haɗe bankinmu da wani, aka tara mu aka rantse za a daidaita matakin albashi. Har yau ina inda nake tun kafin korona. Yaron da aka kawo daga ɗaya bankin, wanda yana sakandare na fara ƙirga kuɗin mutane, shi ke sa hannu a takardar hutuna, kuma ya fi ni ɗauka.

Na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Ya ɗaga yatsa ɗaya, idonsa na kan waya. Kujeru biyu ne a gaban teburinsa, jakarsa tana hutawa a ɗaya, ɗayar babu kowa, amma bai ce in zauna ba. To, jaka ta zo daga hedkwata, ni kuwa a nan aka tarar da ni. Minti shida na yi a tsaye, na san haka don agogon bango nake kallo, agogon da ni na hau kujera na rataye shi shekarun baya.

Da ya gama dariyarsa da wayar, ya ɗago.

"Yauwa, wane ne?"

Wata tara muna shiga ta ƙofa ɗaya, muna sahu ɗaya a masallacin bayan ofis.

"Yallaɓai, ni ne na kanta. Maganar daidaita albashin nan ce na zo ji ko..."

"Au, kana cikin waɗanda muka gada."

Gada! Jama'a, gada. Kamar janareto, kamar tsohuwar na'urar ƙirga kuɗi mai cin takarda. Shekara 13 ina wannan reshe. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da mutane suka kwana a layi suna zagin iyayenmu ta taga, ni na tsaya ina ba tsofaffi haƙuri. Duk ranar da lissafi ya yi giɓi, ko na dubu biyu ne, daga albashina ake cirewa. Yau ni ne kayan gado.

Na haɗiye. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuɗin ajiya nawa ka kawo wa banki wannan watan?"

"Yallaɓai, ai tun bakwai da rabi ina kan kanta, ba na fita."

"Yanzu kowa ɗan kasuwa ne. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau. Duk garin nan ba ka da kawu ko suruki mai kuɗi?"

Madalla. Ashe laifin dangina ne da suka zo duniya talakawa. Da na sani da tun wajen neman aure na nemi a nuna mini takardar asusun surukina kafin a yanka sadaki.

Na ce ni dai haƙƙina nake tambaya, wanda aka yi alkawari a gaban kowa. Sai ya kishingiɗa, ya cire tabarau, ya hura, ya goge da bakin riga a hankali kamar mai shirin yanke hukunci a kotu.

"Malam, in abin ya yi maka nauyi, ƙofa ba a kulle take ba. Masu digiri na nan a waje, rabin albashinka ma godiya za su yi." Na juya zan fita, ya ƙara da cewa, "Ja mini ƙofar, sanyi na fita."

Na ja masa. Kada sanyi ya fita, mu ne ya halatta mu fita.

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, kuma ya san babu abin da zai same shi. Wa ya ba shi wannan ƙarfin? A watan Maris na 2024 Babban Banki ya ce banki mai reshe a ƙasashen waje ya tara jarin naira biliyan 500, na ƙasa biliyan 200, na shiyya biliyan 50, zuwa ƙarshen Maris na 2026, wanda bai iya ba ya nemi abokin haɗewa. An auna jari, an auna hannun jari, manya sun raba kujerun daraktoci. Mu da ke zaune a bayan gilashi fa? Mun taɓa ganin wannan wasan. A 2005, zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, jarin biliyan 25 ya mayar da bankuna 89 zuwa 25. A nan Kano mun ga yadda sunan Bankin Arewa ya sauka daga allo. Shekara ashirin bayan nan an sake buga gangar, ma'aikaci kuma yana nan a matsayinsa na tabarmar da ake shimfiɗawa a yi biki a kai.

Dokar ƙwadagon da muke taƙama da ita tun zamanin Gowon aka rubuta ta. Ta ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiya, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita. A reshenmu akasin haka na gani: tsofaffin hannu ake matsa wa har su ajiye da kansu, a cike gurbinsu da yaran kwantiragi da wani kamfani ya kawo, marasa mataki, marasa bakin magana. Ba a kore ka ba balle a biya ka, kai ka gaji. 'Yan majalisa kuwa suna can suna gardamar motoci.

Mu ma jama'a da namu. Ka buɗe baki a majalisar unguwa, sai a ce, "Kai da kake banki? Ka gode wa Allah." Na gode masa, wallahi. Amma litar man da nake saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ta ninka sau nawa? Mai cewa in gode wa Allah shi ne zai turo mini saƙo da daddare a ranta masa dubu goma, don ya ga na ɗaura nakatai. Bai san nakatan nan da bashin kofaratif na rataye su ba.

Jiya an turo sanarwa daga hedkwata. Ranar Asabar, wadda ba a biyanmu kuɗinta, akwai taron ƙarfafa zumunci, halarta dole. An raba mana riguna an rubuta wai mu iyali ɗaya ne. Tawa ta yi mini kaɗan, kuma an ce kuɗinta a albashin wata mai zuwa za a cire.