Ƙanina mai burin buga ƙwallo a Turai, ka yanke hukunci kan kwalba tun kana gida

Da ku nake, ƙannena masu taka leda, musamman ku da kuke kwana kuke tashi da burin ranar da wakili zai bugo waya ya ce biza ta fito. Na san an sha yi muku nasiha kan wakilan bogi masu karɓe kuɗin gonar uba su watsar da yaro a tashar jirgin ƙasa, an yi muku ta sanyi, an yi muku ta rauni. Maganar giya kuwa ba a cika ɗauko ta ba, domin iyaye suna ganin ɗan da ya tashi da allo a hannu ba sai an gaya masa ba, ku kuma kuna ganin zancen bai shafe ku ba. Ya shafe ku. Sana'ar da kuke nema ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwalba. Sunan kamfanin giya na Carlsberg ya zauna a ƙirjin rigar Liverpool daga 1992 har 2010, kuma duk wanda ke zuwa gidan kallon ƙwallo daren Kofin Zakarun Turai ya haddace tallar giyar Heineken ko bai so ba. Can kuke son zuwa.

Abin da ya sa giya ta fi cutar ɗan ƙwallo mai baiwa shi ne, ba ta kayar da shi nan take. Zai sha daren Laraba, ya fito ranar Asabar ya zura biyu a raga, 'yan kallo su yi ta kiran sunansa, sai ya ce a ransa ashe shi jikinsa daban ne. Haka George Best ya yi ta gaya wa kansa. Yana da shekara 17 ya fara buga wa Manchester United wasa. A 1968, yana ɗan shekara 22, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Turai da suka doke Benfica 4-1 a Wembley, a shekarar kuma aka ba shi Ballon d'Or. Ku tsaya ku auna: shekara 22, kofin nahiya da kyautar gwarzon Turai duk a hannu ɗaya. Daga nan aka fara nemansa a filin atisaye ana rasawa. Wasansa na ƙarshe a United ya buga shi ranar 1 ga Janairun 1974, yana da shekara 27, daidai lokacin da ɗan wasa ke fara nuna ainihin abin da Allah Ya ba shi. Sauran shekarunsa na ƙwallo yawo ne daga wannan ƙungiya zuwa waccan, har Amurka. A 1984 ya shiga gidan yari kan tuƙi cikin maye. A 2002 aka yi masa dashen hanta, hantar wani bawan Allah da ya rasu, bai daɗe ba aka sake ganinsa a mashaya. Ya mutu a Nuwamban 2005 yana da shekara 59, kuma kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya yarda wata jarida ta buga hotonsa a gadon asibiti, fata ta koma rawaya, ga bututai a jiki, don matasa su gani kada su bi sawunsa.

Wasu za su ce ai Best mutumin da ne, lokacin ba a waye da kimiyyar wasanni ba. To a matso kusa. Tony Adams ya zama kyaftin ɗin Arsenal yana da shekara 21. A zamaninsa akwai al'adar da manyan 'yan wasan ƙungiyar suka ɗauka kamar farilla: ranar Talata in an tashi atisaye sai a zarce mashaya, tunda Laraba hutu ce, a yi ta kwankwaɗa har dare ya raba. Wanda ya ƙi zuwa ba a ɗaukarsa cikakken ɗan ƙungiya. A 1990 Adams ya afka wa katanga da mota, aka auna shi aka samu barasar da ke jininsa ta ninka abin da doka ta yarda da shi fiye da sau huɗu. A Disamba aka yanke masa wata huɗu, ya yi kusan biyu a ciki. Ga inda nake so ku lura: ya fito daga gidan yari, ya koma fili, a ƙarshen wannan kakar ya ɗaga kofin gasar Ingila. Wa zai iya gaya wa mutumin da ke riƙe da kofi cewa ba shi da lafiya? Nasarar ce ta ƙara masa shekara biyar cikin ramin. Sai a 1996, bayan Jamus ta fitar da Ingila a bugun fenareti a gasar Turai, ya yi makonni yana sha ba ji ba gani, sannan ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi mashayi ne kuma yana neman taimako.

A wannan shekarar Arsène Wenger ya karɓi Arsenal, ya canza abin da ake ci da abin da ake sha, ya rufe ƙofar shaye-shayen ƙungiya. Adams, wanda da yawa suka ɗauka ya kusa ƙarewa, ya ƙara cin gasar a 1998 da 2002, ya yi ritaya yana da shekara 35, kuma a 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance don kula da 'yan wasan da giya ko caca ko ƙwaya ta kama. Abokin zamaninsa Paul Gascoigne, wanda ya fi shi baiwa nesa ba kusa ba, bai samu irin wannan mafita ba; an ajiye shi daga tawagar Kofin Duniya ta 1998, bai sake sa rigar Ingila ba, kuma tun daga lokacin labarinsa shiga da fita ne daga gidajen jinya.

Amma ni wanda labarinsa ya fi tsorata ni dominku shi ne Adriano, don shi ba shagali ne ya ja shi ba. Yaro ne daga unguwar talakawa ta Vila Cruzeiro a Rio, mai ƙafar hagu da masu tsaron raga ke tsoro, har magoya bayan Inter Milan suka yi masa laƙabi da Sarki. A Yulin 2004 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Copa America, shi ya farke wa Brazil a mintin ƙarshe a wasan ƙarshe da Ajantina. Kwanaki kaɗan bayan haka aka bugo masa waya cewa mahaifinsa ya rasu. Yana ƙasar mutane, ga kuɗi kamar ƙasa, ga gida fankacece ba kowa a ciki. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa sai ya sha yake samun barci, kuma yakan zo atisaye da safe a buge, a kai shi ɗakin jinya ya kwanta, a gaya wa 'yan jarida cewa ciwon tsoka ne. A 2009 aka soke kwantiraginsa da Inter. Shekararsa 27, daidai da Best.

Ka sa kanka a wurinsa, ƙanina. An tashi atisaye ƙarfe ɗaya na rana. Ka koma ɗakin da ƙungiya ta kama maka a wani ƙaramin gari a Norwe ko Beljiyam. Ƙarfe huɗu duhu ya rufa, ƙanƙara a bakin taga, ba kiran salla, ba majalisa, ba mai shayi, ba wanda zai leƙo ya ce ina wane. Koci bai sa ka a wasa uku a jere ba kuma bai ce maka komai ba. Ka kira gida don ka ji sanyi, abin da ka ji shi ne kuɗin makarantar ƙannenka da rufin ɗakin Hajiya. Sai saƙo ya shigo daga abokin wasanka, wanda shi kaɗai ne ke yi maka fara'a a ɗakin sauya kaya: fito mana, muna gari. A irin wannan daren ake fara sha, kuma wanda ya miƙo maka kofin ba mugu ba ne, a ganinsa karamci ya yi maka. Shi ya sa nake cewa hukuncin ba a can ake yanke shi ba. Wanda ya bari sai kofi ya zo gabansa sannan zai fara tunani, kunya ce za ta yanke masa.

Maganar addini a kai ba ta da kwana-kwana, kun san ta tun kuna Islamiyya. Allah Ya haɗa giya da caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce a nisance su, kuma Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan ya toshe ƙofar “kurɓa ɗaya kawai don murnar kofi”. Ku kuma ƙannena Kirista da muke buga ƙwallo tare a Jos da Kaduna, hanta ba ta tambayar addini, don haka ku saurari na jikin.

Ɗan ƙwallo na gudun kilomita goma ko fiye a wasa ɗaya. In an tashi, tsokokinsa sun yi ƙananan yagewa, ruwan jikinsa ya ragu, makamashin da ya tara ya ƙone. Awannin da ke biyo baya su ne na gyara, kuma a daidai lokacin ne ake zuwa shagalin. Barasa tana sa yawan fitsari, ta ƙara busar da jikin da dama ya bushe. Tana rage saurin da tsoka ke sake gina kanta. Hanta takan ajiye sauran ayyukanta ta koma fama da ita. Tana saurin kawo barci amma barcin ba mai gyara jiki ba ne. In akwai targaɗe ko buguwa, takan ƙara kumburi ta ja kwanakin jinya. Yau kuma ƙungiyoyi suna ɗaura wa ɗan wasa na'ura a baya tana ƙirga kowane taku, ana auna nauyi da kitse, wasu har barci suke bibiya. Abin da Best ya ɓoye shekaru, kai cikin wata guda kwamfuta za ta tona. Kuma kai baƙo ne mai kwantiragin shekara ɗaya ko biyu. Ɗan gari za a iya lallaɓa shi, kai tikitin komawa gida za a yankar maka.

Kada wani ya ce maka ƙin sha zai sa a ware ka. Cristiano Ronaldo ba ya sha. Ciwon hanta mai nasaba da giya ne ya kashe mahaifinsa a 2005, shi kuma ga shi ya haura shekara 40 yana buga ƙwallo. A Mayun 2012, bayan Yaya Toure ya ci wa Manchester City ƙwallo biyu a gidan Newcastle, aka miƙo masa kwalbar giyar shamfen ta gwarzon wasa a gaban kyamara, ya miƙa wa Joleon Lescott, ya ce shi Musulmi ne ba ya sha. Paul Pogba ya ɗauke kwalbar Heineken daga gabansa a taron manema labarai a 2021. Sadio Mane da Noussair Mazraoui sun zauna a hoton Bayern Munich na 2022 hannu wayam, alhali sauran kowa na riƙe da kofin giya. Ba wanda aka kora. Turawa suna girmama wanda ya faɗi matsayarsa sau ɗaya a fili tun ranar farko. Wanda suke yi wa naci shi ne mai cewa “yau dai ba na jin daɗi”, don sun san gobe zai ji daɗi.

Sai dai ƙin sha kaɗai bai isa ba in kana zama inda ake sha. Shi Yaya ɗin nan, a 2016 an kama shi a Landan da barasa a jini yana tuƙi. Ya gaya wa kotu cewa lemo ya sha daga wani tulu a wurin biki bai san an haɗa da giya ba. An ci shi tarar fam 54,000, aka hana shi tuƙi wata 18. Ko ka gaskata bayaninsa ko ba ka gaskata ba, darasin ɗaya ne: kada ka sha abin da ba a gabanka aka buɗe ba, kuma ka san lokacin tashi daga taro. Tara ma sauƙi ce. A 2008 Luke McCormick, golan Plymouth, yana dawowa daga bikin auren abokinsa a buge, ya daki wata mota a babbar hanya, yara biyu 'yan gida ɗaya, mai shekara 10 da mai 8, suka mutu. An ɗaure shi shekara bakwai da wata huɗu.

Wani zai karanta wannan ya ce alhamdu lillahi shi bai taɓa kai kwalba baki ba, alhali yana haɗiyar tiramadol kafin wasa don kada ya ji gajiya, ko yana kurɓar kodin bayan an tashi. Gida bai ƙoshi ba ke nan. Tun 2018 Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma daga Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta tiramadol a lokacin gasa. Fitsarinka kaɗai ya isa a dakatar da kai.

In kuwa ka riga ka fara, ko kana can yanzu kana karanta wannan da kwalba a firij, ba zan zage ka ba. Kada ka jira sai ka bar sha sannan ka koma salla, koma yanzu. Nemi masallacin garin ko da ɗaki ɗaya ne a bayan shagon Baturke ko ɗan Maroko, ka riƙa cin abincin dare da mutane. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, yayanka ko malaminka ko tsohon kocinka na gida. Ka je wurin likita, na ƙungiya ko wani daban in kana tsoron zancen ya kai kunnen koci. Ƙungiyoyin 'yan wasa a ƙasashe irin su Ingila suna da layin taimako na sirri. In ka kai matsayin da hannunka ke rawa da safe sai ka kurɓa, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, domin yankewar gaggawa ga wanda jikinsa ya saba tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya har ta kai ga rasa rai. Wannan aikin likita ne, a gabansa ake yin sa.