Cokalin laringoskof: a yar ko a wanke?

A wani taron likitocin sa barci a nan Ingila, wata ta ce wai har yanzu a Afirka wanke cokalin laringoskof, wato cokali mai fitila da ake leƙa maƙogwaro da shi don sa bututun numfashi, ake yi a sake sa wa wani yaro a baki. Yadda ta faɗe shi cikin tausayi ne ya tsaya mini a rai.

A nan, kowane cokali cikin ledarsa yake zuwa a rufe, da lambar kamfani da ranar daina aiki. Kowane iri da sunansa da lambar girmansa: Miller 0 na bakwaini da sabon haihuwa, Miller 1 na jarirai, Macintosh 2 na yaron da ya fara tasawa. A ɓare leda, a ɗaura shi a mariƙi, a ɗaga murfin maƙogwaro, bututun numfashi ya shiga, sai a jefa shi kwandon sharar asibiti. Ƙarfe sabo fil, aikinsa bai kai minti ɗaya ba.

Tsoron cutar haukan shanu ne ya kawo musu wannan ɗabi'a, domin sinadarin da ke haddasa ta yana maƙalewa a tonsil, tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro, kuma turarawa da tururi mai zafi ta yau da kullum ba ta kashe shi. A 2001 ma sun tilasta kayan amfani sau ɗaya a tiyatar tonsil, suka janye kafin shekarar ta ƙare saboda zubar jini ya ƙaru. Matsalarsu ce, ba ta Kaduna ba.

Kuma na yarwa ba duka ne nagari ba. Na roba yana lanƙwasa idan aka ɗaga muƙamuƙi, sai ƙofar maƙogwaro ta ɓace wa ido. Jariri yana cin oksijin ninki biyu na babba a kowane kilo, don haka kafin ka canja cokali ya fara yin shuɗi. Na ƙarfe mai yarwa ya fi, amma wa zai biya? Uban da ya riga ya sayo allura da safar hannu daga kemis?

Na yarda, na wankewa yana da aibu. Yawan turarawa a digiri 134 yana dusashe haskensa, ƙwan fitila yana kwancewa, jini yana ɓuya a lungun da yake haɗuwa da mariƙi, kuma shafa sifirit ba wanki ba ne. Ka'ida ita ce a goge da buroshi da sabulu nan take, a turara ko a jiƙa minti 20 cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na glutaraldehyde mai kashi 2 cikin ɗari, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busar, a naɗe. Mariƙin ma a goge shi. Bilic kuwa cin ƙarfe yake yi.

'Yan uwa a gida sun san duk wannan, wasu sun fi na nan iya hannu nesa ba kusa ba. Abin da suke rasawa shi ne wutar da za ta riƙe tukunyar turarawa har ta gama, da ruwan famfo, da cokali uku na kowace lamba domin kada a yi gaggawar wanki tsakanin yaro da yaro. Sai kuma ma'aikacin ɗakin wanke kayan tiyata, wanda ba a tura shi kwas, ba a ma tuna da shi sai ranar da fitila ta ƙi kamawa.