Juriyar ranar Damagaram ba ta kai mutum ƙolin dutse

Kwanan nan samarinmu na Zinder sun shiga sha'awar hawan manyan duwatsu, wasu har sun sa Kilimanjaro a gaba. Madalla. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne irin shirin da suke yi: a yi gudu da asuba, a hau duwatsun Birni a sauko, sai a bugi ƙirji a ce wanda ya jure ranar watan Afrilu a garin nan babu abin da zai gagare shi. 'Yan uwa, wannan lissafin bai fita ba.

Tudun da Zinder take a kai bai kai mita 500 daga bakin teku ba. Ƙolin Kilimanjaro a Tanzaniya kuwa mita 5,895 ne, kuma a can duk numfashin da ka ja, kusan rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku kawai yake kawo maka. Tun daga wajen mita 2,500 ciwon da ƙarancin iskar ke jawowa yake fara kama mutane: kai ya yi ta sara, zuciya na tashi, abinci ya fita rai, barci ya ƙi zuwa. Ba ruwansa da ɗan ƙwallo ko ɗan kokawa. Masu ƙarfin ma sukan sha wuya, don su ne ke ɗoki su wuce kowa.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da za ka zuba a riga mai tsada gara ka ƙara kwana da su. Cikin hanyoyin hawan Kilimanjaro, ta Marangu ana iya yin ta a kwana 5, ta Lemosho kuma kwana 7 ko 8. Ta biyun ta fi cin aljihu, amma tana ba jiki lokacin sabawa. Shawarar likitoci ita ce in ka wuce mita 3,000, kada makwancinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Ga kuma abin da ba a cika zancensa a majalisa ba: sikila. Tana da yawa a cikinmu, kuma mai AS da bai taɓa jin ko gezau ba a gida, saifarsa na iya samun matsala a can sama. Kafin ka biya kuɗin jirgi, je asibiti a gwada jininka. A nan ne za ka tambayi likita batun Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki sabawa da ƙarancin iska a sama, kada ka saya wurin mai tallar magani a bakin tasha.

Atisaye dai a yi, amma irin wanda ya dace. Goya jaka mai nauyi, sa takalmin da za ka hau dutsen da shi, ka taka zuwa Mirya ka dawo, tun yanzu ka gane inda yake cizon dunduniya. Sanyi kuwa, manta da hunturunmu. Tsakar dare ake tashi hawan ƙarshe, har ruwan gora daskarewa yake yi.

In kana sama ka ga abokin tafiyarka yana tangaɗi, maganarsa ta rikice, ko yana haki da tari alhali a zaune yake, kada ka ce ya daure. Ku kira jagora, a sauko da shi a daren, ko da saura ƙiris a kai ƙoli.