Ƙanƙara ta narke, ku fito da yara aikin unguwa

'Yan uwa iyaye da ke zaune a ƙananan garuruwan da suka kewaye manyan biranen Amurka, da ku nake yau. Sanyi ya janye, an matsa da agogo gaba tun Lahadi ta biyu a watan Maris, yanzu mutum yana tasowa daga aiki ya tarar da sauran rana. Allon sanarwa na laburaren gari da ƙofar makarantar yara sun fara cika da takardu: ranar share filin shaƙatawa, ranar dasa itatuwa, tara abinci don mabuƙata, gwanjon tsofaffin littattafai, buɗe kakar wasannin yara. Yawancinmu mukan kalli takardun nan mu wuce, a zatonmu da wasu ake. Ni kuwa na ce da mu ake, kuma abin da muke bari ya wuce mu a watannin Afrilu da Mayu ya fi yadda muke tsammani, musamman ga 'ya'yanmu.

Ku dubi yadda aka gina waɗannan garuruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu ne suka bazu. A 1947 aka fara gina Levittown a jihar New York, gidaje sama da 17,000 kusan iri ɗaya, kuma daga nan salon ya game ƙasar. Gida daban, shaguna daban, wurin aiki daban, mota ce kawai ke haɗa su. Mutum yana shiga motarsa tun daga cikin gareji, ya danna maɓalli ƙofa ta buɗe, ya tafi. Da yamma ya dawo ya danna ta rufe. Ina zai haɗu da maƙwabcinsa? Sai hunturu ya zo ya ƙara kulle kowa a ɗaki na tsawon watanni. Shi ya sa za ka yi shekaru katanga ɗaya da mutum ba ka san sunan 'yarsa ba. Ba mugun hali ba ne, tsarin wurin ne haka. A watan Mayun 2023, babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman kan kaɗaici, inda ya nuna kusan rabin manyan ƙasar suna fama da shi. Mu da muka zo daga nesa, babu kaka babu goggo a kusa, namu ya ninka.

Ƙofar kuma ba ta daɗewa a buɗe. Da an shiga Yuni makarantu sun rufe, wasu sun yi tafiya, zafi ya mayar da sauran cikin gida gaban na'urar sanyaya ɗaki. Makonnin nan na bazara su ne lokacin da mutanen unguwa ke fitowa gaba ɗaya, kuma suna neman hannu.

Ban ƙi bukukuwan ba. A kai yara su hau lilo, a zana musu fuska, su ga motar 'yan kwana-kwana kusa da kusa. Amma a biki kai ɗan kallo ne, ka zo da iyalinka, ka koma da iyalinka, da wuya ka yi magana da kowa ban da mai sayar da tikiti. Ranar aiki daban take. An ba ka ledar shara, an haɗa ka da wani dattijo da ba ka taɓa gani ba, kai riƙe da baki ɗaya shi riƙe da ɗaya. Kafin ku cika ledar kun san sunan juna, ya gaya maka wane makanike ne ba ya cuta, ka ji matarsa ta koyar a makarantar da 'yarka take. Gobe in kun haɗu a kanti akwai gaisuwa. Zumunta a ƙafa take, kuma a garin da kowa ke cikin mota, aikin sa-kai ne kusan kaɗai ke sauke mutane ƙasa.

Waɗannan ranaku suna da tarihi, ya kamata yara su ji shi daga bakinmu. Ranar dasa itatuwa ta faro ne a Nebraska ranar 10 ga Afrilu, 1872, bisa shawarar wani ɗan jarida, J. Sterling Morton, a ƙasar da fili ne fetal babu inuwa babu abin kare iska. An ƙiyasta cewa an dasa itatuwa kusan miliyan ɗaya a ranar. Yanzu ana yin ta a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu, ko da yake jihohin kudu irin su Fulorida kan yi tasu tun Janairu saboda yanayinsu. Ranar Duniya kuwa, wato ranar kula da muhalli, 22 ga Afrilu, a 1970 aka fara, Sanata Gaylord Nelson na Wisconsin ne ya assasa ta. Shekara guda kafin nan mai ya malale a gaɓar Santa Barbara, kuma kogin Cuyahoga da ke ratsa Cleveland ya kama da wuta saboda dattin masana'antu. Mutum kusan miliyan 20 suka fito a ranar farko. Kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. Wato abin da yau muke gani kamar 'yar sharar safiyar Asabar, da shi talakawa suka taɓa tursasa wa gwamnati ta motsa.

Abin da ya fi damuna dai yaran ne. Yaron da ya tashi a irin wannan gari yana iya kai shekara goma sha biyar bai taɓa yi wa kowa aiki ba in ba 'yan gidansu ba. Ana kai shi makaranta a mota, a dawo da shi a mota, shara tana ɓacewa daga ƙofar gida kafin ya farka, ciyawar filin wasa kullum a yanke. A tunaninsa gari wani abu ne da ake biya a samu. Ka ba shi safar hannu ka tsayar da shi bakin rafi bayan ƙanƙara ta narke, sai ya ga abin da hunturu ya ɓoye: kwalabe, ledoji, gwangwanaye, da guntayen sigari da ba su ƙirguwa. Zai tambaye ka yadda aka yi suka zo nan alhali babu mai zama a wurin. Sai ka nuna masa magudanar ruwan sama da ke bakin titinku. A garuruwa da yawa ruwan da ya shiga wannan rami ba ya bi ta wata matata, kai tsaye yake zuwa rafi, da duk abin da ya kwaso. Audugar da ke gindin sigari ma roba ce, ba ta ruɓewa da wuri. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an sake yi masa wa'azi kan jefar da leda ta tagar mota ba. Kuma ranar da kuka sake wucewa ta wurin, za ka ji ya ce "wurinmu". Wannan kalma daga bakin ɗan baƙo tana da nauyi.

Ga mu Musulmi ma babu wani baƙon abu a nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, yana da ladan sadaka. Yaranmu suna haddace waɗannan a makarantar Islamiyya ranar Asabar. Ina laifin wata Asabar ɗin su je su aikata? Na san wasu iyaye suna ja da baya saboda wasu tarukan lokacin na da alaƙa da addinin wasu, kamar neman ƙwai na bikin Ista. Wannan hukuncin kowane gida ne, ba zan shiga ba. Amma share rafi da cika rumbun abincin mabuƙata ba su da wannan matsala, kada a haɗa su a yi watsi da su tare.

Maganar abinci ma a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna zaton babu yunwa a unguwanni masu koren ciyawa. Akwai, ɓoye take kawai. Asabar ta biyu a watan Mayu, masu raba wasiƙu na ƙasar suna karɓar abinci gida-gida, tun 1993 suke yi a faɗin ƙasa. Ka zuba abincin gwangwani, shinkafa, taliya ko man gyaɗa a leda, ka ajiye gindin akwatin wasiƙarka, su ɗauka. An zaɓi Mayu da gangan. Kyautar da aka tara a ƙarshen shekara ta kusa ƙarewa, ga hutun makaranta yana tafe, kuma yara kusan miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantu, da yawansu kyauta ko a farashi mai rahusa. In makaranta ta rufe, wannan abinci ya tsaya. Ka bar yaron ya zaɓi abin da za a saka da hannunsa, ya duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, ka kuma gaya masa gaskiya cewa wanda zai ci yana iya zama ɗan ajinsu. Kada a kwashe abin da gida ya ƙi a ce an yi kyauta.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba duka ne na banza ba. Da yawa cikinmu aikin dare suke yi, wasu tuƙi, wasu jinya, Asabar ɗin ita ce ranar barci ko ranar neman ƙari. Amma yawancin ayyukan nan awa biyu ne zuwa uku, kuma babu mai riƙe ka in ka yi awa guda ka tafi. Masu ƙananan yara kuma su tambaya kafin su je. Wuraren gine-gine irin na Habitat for Humanity, ƙungiyar da ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, ba sa barin wanda bai kai shekara 16 ba ya shiga filin aiki, wasu rumbunan abinci ma suna da iyakar shekaru. Amma ɗan shekara biyar zai iya zuba ruwa a dashe, zai iya jera littattafai a kwali. A jihohin arewa maso gabas da na tsakiya akwai wata ciyawa da aka shigo da ita daga Turai, ganyenta na warin tafarnuwa, tana kashe tsirran daji na asali. A Afrilu da Mayu ake tuge ta kafin ta zuba iri, kuma saiwarta ba ta da wuyar fita. Babu aikin da ya fi wannan dacewa da ƙananan hannaye.

A kula da lafiya. Dogon wando, takalmi rufaffe, safar hannu. Yaro kada ya taɓa allura ko fasasshiyar kwalba, ya kira babba. A nuna masa tsiron nan mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Idan an dawo gida a duba jikinsa da kyau, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi, domin lokacin ƙananan kaska ne, kuma su ke yaɗa cutar Lyme.

Akwai uzuri na ƙarshe da ba a cika faɗa a fili ba: tsoron kallo. Uwa ta ce in na je da hijabina kowa zai zuba min ido. Uba ya ce Turancina ba zai ishe ni hira ba. Za a kalle ka, gaskiya ne, na ɗan lokaci. Amma masu shirya irin wannan aiki kullum cikin ƙarancin mutane suke. Alƙaluman hukumar ƙidaya sun nuna masu aikin sa-kai ta hanyar ƙungiyoyi sun faɗo daga kashi 30 cikin ɗari a 2019 zuwa kusan 23 a 2021, suka ɗan farfaɗo zuwa 28 a 2023. Wanda ya zo da hannu biyu da yara uku abin maraba ne. Kuma mu tuna su waye ke riƙe da waɗannan garuruwa. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwanan Amurka 'yan sa-kai ne. Masu horar da yara wasanni iyaye ne. Kwamitocin laburare da na filayen shaƙatawa cike suke da mutanen da suka fara da ledar shara. Su ne gobe za su zauna a kan takardar neman izinin faɗaɗa masallaci, ko buƙatar a ba yara hutun Sallah. Gara su san fuskarka tun kafin ranar.

Iyayen matasa, ku ma ga naku. Jihar Maryland ta wajabta awa 75 na hidimar al'umma kafin ɗalibi ya kammala sakandare, wasu gundumomi a wasu jihohin ma suna da irin wannan sharaɗi. Ina jin takaici idan na ga uba ya sauke yaro a bakin fili, ya zauna a mota yana danna waya har a sa hannu a takarda. Yaron ya fahimci saƙon sarai: wannan aikin ba na manya ba ne, tara ce ake biya. Ka fito ka ɗauki shebur.

Ina da ƙorafi kan su kansu ranakun, kuma zan faɗa. Sun fi son hoto. Ana dasa itatuwa a ƙarshen Afrilu, shugaban gari ya riƙe shebur, a ɗauka a sa a Facebook, kowa ya watse. Dashe kuwa yana buƙatar ruwa a kai a kai shekara biyu zuwa uku kafin saiwarsa ta kama, kuma a Yuli da Agusta ne yake mutuwa, lokacin da babu kowa. Wasu ma da kyakkyawar niyya suke kashe shi, su tara dagargajen ɓawon itace har ya rufe gindin, danshi ya ruɓar da shi. A baza shi ne a kewaye, a bar gindin a sarari.

Don haka idan kun je ranar dasawa, kafin ku cire safar hannu ku nemi wanda ya shirya, ku tambaye shi wa zai shayar da waɗannan a watan Yuli. Sau da yawa za ku ga ya yi shiru, ko ya ce suna nema. Ku ba da sunan gidanku a kan itace biyu ko uku, waɗanda suka fi kusa da ku, yaran su zaɓa. Bokiti biyu ne a bayan mota, sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwa ba, a zuba a hankali har ƙasa ta sha.