Wa Muke Miƙewa Dominsa a Gaban 'Ya'yanmu?

Assalamu alaikum 'yan uwana iyaye. Daren jiya barci ya ƙaurace mini saboda wata magana da ɗana mai shekara 15 ya faɗa mini, kuma na ga bai dace in riƙe ta ni kaɗai ba.

Sakamakon jarrabawarsa ne ya fito bai yi kyau ba, sai na kira shi bayan sallar isha'i, na karɓe wayar da ke hannunsa, na shiga yi masa faɗan da kowane uba ya saba yi, cewa TikTok ya cinye masa hankali, abokan banza sun janye shi, kuma muddin bai yi karatu ba babu inda za shi a rayuwa. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba har na gama. Can sai ya ce, "Abba, don Allah kada ranka ya ɓaci, amma ranar ɗaurin auren Yaya, da wane ya iso ai miƙewa ka yi ka tarye shi tun daga bakin mota, shi kuwa ko sakandare bai gama ba. Malaminmu na Islamiyya yana tsaye har aka shafa fatiha, babu wanda ya ce masa ga wuri."

Wallahi na rasa abin da zan ce masa, domin gaskiya ya faɗa, kuma na tuna ranar sarai. Wani matashi ne ɗan unguwarmu da ya ɓace shekara biyu ya dawo da mota mai baƙin gilashi, kuma da ya fito yana ƙamshin turare duk muka miƙe, dattawa masu furfura suna gyara masa darduma a sahun gaba. Malamin da ya koya wa 'ya'yana huɗu karatun Alƙur'ani tun daga Fatiha yana can gefe, riƙe da kekensa a rana, hularsa ta jiƙe da gumi, kuma ina jin ko dabino bai samu ba. Da daddare kuma, a gaban yaran nan, na ce wa mahaifiyarsu, "Kin ga wane ya zama mutum." Ba ina zargin wannan matashi da wani abu ba ne, Allah ya tsare ni da munana zato, wataƙila halal ɗinsa ce ya nema. Abin da ke cina shi ne ni ban sani ba, ban kuma damu in sani ba, mota kawai na gani na kira shi mutum, ɗana yana zaune yana ji.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Kullum muka zauna a majalisa hirarmu ita ce yaran zamani sun lalace, ba su da buri sai kuɗi, ba su ganin girman malami, sun raina sana'ar hannu. Amma wa ya koya musu ma'aunin da suke auna mutane da shi? Yaro ba ya ɗaukar darasi daga faɗan da ake yi masa sau ɗaya a zango kamar yadda yake ɗauka daga fuskar ubansa, wadda yake karantawa kowace rana. Yana lura da wanda muryarka take yin laushi idan ka amsa wayarsa, da wanda kake cewa a ce masa ba ka nan. Yana jin yadda mahaifiyarsa take lissafa akwatunan lefen 'yar maƙwabta, ta ƙare da cewa ita kam ta dace, ba tare da an ambaci ko mijin yana sallah ba. Yarinya tana bayan labule lokacin da ake tattauna maneman yayarta, tana ji ana cewa wancan yaron kirki ne amma malamin makaranta ne, kuma ta san ma'anar wannan "amma" fiye da yadda muke zato. A wurin biki yara ne a gaba suna kallon wanda ake yi wa kirari saboda liƙin da ya zubar. Har a masallaci, subhanallah, akwai wanda ake jinkirta tayar da iƙama dominsa, alhali ladanin da ya shekara ashirin yana kiran asuba ba a san ranar da ya kwana da yunwa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba na wanke waya daga laifi, domin na ga irin abin da ke cikinta. Amma mu tuna cewa wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba sai a 2001, kuma tun kafin nan muna da wannan ciwo na miƙe wa mai abin hannu da kau da kai daga mai ilimi. Abin da waya ta yi shi ne ta tarar da ƙasa a jiƙe ta yi shuka. Yaron da ya taso yana jin ana cewa wane ya haye, idan ya buɗe waya ya ga sa'ansa yana ƙirga daloli a cikin mota, ba sabon darasi ya gani ba, cigaban na gida ne. Daga nan zuwa shagon caca ko damfarar intanet tafiyar ba ta da nisa, kuma ranar da aka zo kama shi mu ne za mu fi kowa kuka, muna cewa ba mu san inda ya koyo ba.

Ku sake karanta ƙarshen Suratul Ƙasas. Da Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, jama'a kashi biyu suka rabu: masu son rayuwar duniya suka yi fatan ina ma su ne aka bai wa irin abin da aka ba shi, waɗanda aka bai wa ilimi kuwa suka tsawatar, suka ce ladan Allah ya fi alheri ga wanda ya yi imani ya aikata na ƙwarai. Tun ina yaro nake karanta waɗannan ayoyi ina ɗauka ina cikin kashi na biyu, sai jiya ɗana ya nuna mini a wane sahu ya ganni ranar ɗaurin aure. Haka kuma Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mai hali ya wuce, Manzon Allah (SAW) ya tambayi ra'ayin waɗanda ke tare da shi, aka ce wannan in ya nemi aure za a ba shi, in ya yi magana za a saurara. Da wani talakan Musulmi ya wuce aka faɗi akasin haka, sai Annabi ya ce wannan talakan ya fi cikin ƙasa na irin wancan. A take ya gyara musu ma'auni, a wurin da aka yi kuskuren, bai bari sai an tashi ba.

Mu da muka taso a Kano mun san iyayenmu sun ba mu labarin Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, suna nuna mana gidansa na Gwammaja suna alfahari da cewa ga mutumin da duk ƙasar nan ta san sunansa amma bai tara abin duniya ba. Da wannan labari aka gina mana ido. Mu kuma gidan wa muke rage gudun mota mu nuna wa 'ya'yanmu?

Ina roƙonku don girman Allah, ku kula da bakinku a gaban yara. Ba a ce ku wulaƙanta mai kuɗi ba, arziki ni'ima ce, kuma attajirin da ya nemi halal yake fitar da zakka ya cancanci a yabe shi, amma a yabe shi da gaskiyarsa da zakkarsa, yaro ya ji dalilin yabon. Idan kafinta ya yi muku aiki bai ci amana ba, ku faɗa a gaban yara. Idan malaminsu ya yi sallama, uba ya fito da kansa, kada a aika yaro da saƙon a dawo gobe.

Ni dai na mayar wa ɗana wayarsa da sharuɗɗa, na kuma ce masa gaskiya ya faɗa, laifina ne. Yau bayan la'asar, in Allah ya yarda, tare za mu je gidan Malam in nemi afuwarsa, kuma ina so yaron ya ga ubansa ya cire takalmi ya durƙusa a zauren nan. Don Allah, wanda ya san yana da irin wannan bashi a kansa, kada ya bari Juma'a ta zagayo bai je ba, kuma ya tafi da ɗansa.